Inda Mai Fito Yake Zama

Kamfanin Concept2 na jihar Vermont a Amurka, wanda wa da ƙane, Dick da Peter Dreissigacker, suka kafa a 1976, ya yi suna da wata na'ura da ake tuƙin jirgi a kanta ba tare da an taɓa ko ɗigon ruwa ba. Ta farko da suka fitar a 1981 da ƙafar keke aka haɗa ta. Mutum zai hau mazauni mai zamewa gaba da baya a kan dogon ƙarfe, ya tokare ƙafafunsa, ya ja mariƙi mai sarƙa. Sarƙar ta juya fanka, iskar da fankar ke kaɗawa ta zame masa nauyin ruwa. Wadda aka fi sani, mazauninta inci 14 ne daga ƙasa. Daga baya suka fito da mai dogayen ƙafafu, inci 20, saboda dattawa da masu ciwon gwiwa da ke shan wuya wajen durƙusawa da miƙewa. Tunani ne mai kyau ƙwarai. Aikin da jiki ke yi bai canja ba, hawa da sauka ne suka yi sauƙi.

Inci 6 ke nan aka ƙara, kuma a ɗakin motsa jiki ba su da wata illa, domin daɓe ba ya tangaɗi. A cikin kwalekwale kuwa, duk mai fito ya san cewa ɗaga mazauni da inci 6 na iya kifar da jirgi da mutanen cikinsa. Gwanintarsa kusan duka a nan ta taru: sanin inda nauyi ya kamata ya zauna, nasa da na fasinja da na kaya.

Ƙaramar hukumar Roni ƙasar duwatsu ce da tuddai, baƙo zai ɗauka babu ruwan mutanenta da jirgi. Amma Kogin Gari ya ratsa wannan yanki, ruwan madatsarsa na shayar da gonakin rani, ga kuma madatsar Muhammadu Ayuba a Kazaure. Inda ruwa ya kwanta, masunta na nan da komarsu da kwalekwalensu. Idan damina ta yi nisa, rafuka suka cika suka yanke hanya, mai filafili ne ke sada mutane da kasuwa da asibiti.

A tsaya a bakin gaɓa a dube shi da kyau. Can baya yake zama, a gindin jirgi, a kan ɗan katako mai ƙasa-ƙasa, ya kafa tafin ƙafarsa a cikin jirgin ya tokare. Hannu ɗaya ya dafe kan filafili, ɗayan ya riƙe kusa da faffaɗan bakinsa. Sai ya ɗan sunkuya, ya miƙa filafilin gaba, ya nutsa bakin gaba ɗaya kafin ya fara ja. Wannan ɗan jinkirin shi ke raba gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yana fara ja tun bakin bai gama shiga ba, sai ka ji facal-facal, ruwa na fallatsa wa na gabansa, jirgi kuma bai tafi ko'ina ba. Na gwani shiga yake ba ƙara. Idan ka zuba wa bakin filafilin ido za ka ga kusan a wuri ɗaya ya tsaya cikin ruwa, jirgin ne ke zuwa ya wuce shi.

Kuma ba da damtse yake jan ba. Hannunsa na ƙasa kusan a miƙe yake, ƙugunsa ne ke juyawa, kafaɗa ta bi, ƙarfin ya gangara ta ƙafar da ya tokare ya shiga jikin jirgin. Masu koyar da waccan na'ura ma abin da suke nanatawa ke nan: ƙafafu tukuna, sai baya, hannu a ƙarshe. Damtse ƙaramin nama ne, da wuri yake gajiya. Shi ya sa za ka ga dattijo siriri ya wuni yana kai da komo, ƙato majiyin ƙarfi kuwa ya yi sawu ɗaya yana haki. Da filafilin ya iso daidai ƙugu sai ya zare shi. In ya bari ya wuce nan, ruwa kawai zai riƙa ɗagawa sama, gindin jirgi na dannuwa ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake miƙar da jirgi alhali gefe ɗaya yake tuƙi. Duk wanda ya ja ruwa ta dama, goshin jirgi hagu zai nufa. Ɗan koyo sai ya riƙa sauya hannu, dama, hagu, dama, jirgi na tafiyar maciji. Gwani ba ya sauyawa sai don hutar da kafaɗa. A ƙarshen kowane ja yana murɗa wuyan hannunsa, bakin filafili ya juya ya tsaya da kaifinsa a bayan jirgi, ya ɗan tura shi waje. Ƙiftawar ido ce, amma ta ishe goshin jirgi ya dawo kan hanya. Fasinja ba ya ma lura. Shi dai ya ga an tashi daga nan an sauka can, a daidai mashigin da ake nufi.

Inda ruwa ba zurfi, ko ciyawa ta rufe shi, filafili ba ya aiki, sai gora. A nan dole ya miƙe tsaye, wato ya ɗaga nauyinsa sama, abin da yake hana kowa yi. Sai ya rama da tsayuwa: ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, a kan tsakiyar jirgi, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe suna shanye tangaɗin. Ya soka gorar kusa da jikin jirgi, ya bi ta da hannu bayan hannu har ƙarshenta. Idan ƙasan laka ne, sai ya murɗa ta kafin ya zare. In ta kafe ta ƙi fita, sakin ta ake yi, domin wanda ya yi gardama da gora zai bi ta cikin ruwa.

Rafi mai gudu ba a nufar tsallakensa kai tsaye. Sama ake dosa, a bar ruwa ya gangaro da jirgi zuwa mashigi. Iskar hunturu kuma tana da nata sharrin a kan madatsa. Jirgin da ba kaya, mutum ɗaya a baya, goshinsa a ɗage yake, iska na kama shi ta juya. Sai ka ga masunci ya ajiye dutse ko jarkar ruwa a gaba kafin ya tashi. Igiyar ruwa kuwa da goshi ake tarbarta, a ɗan karkace, ba a ba ta gefe.

Wannan sani ya daɗe a ƙasar nan. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwalen da masana suka auna shekarunsa kimanin 8,000, tsawonsa ya haura mita 8. Ba a samu wanda ya girme shi a Afirka ba. A Argungu har yau tseren kwalekwale na cikin bikin kamun kifi, Yawuri kuma na da nata bikin tseren jirage, Rigata.

Amma a ganina gwanintar ba a tsere ta fi fitowa ba, a wajen lodi ne. Buhunan hatsi ke fara shiga, a ƙasa, a tsakiya. Akuya a ɗaure ta kada ta yi tsalle. Mutane su shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taka tsakiya, shi kuma yana riƙe da jirgin yana raba su. "Baba, matso nan kusa da ni." "Hajiya, a yi haƙuri a zauna ƙasa, a bar bakin jirgin." "Kai yaro, ko me ka gani kada ka miƙe." Sannan ya duba tazarar da ta rage tsakanin ruwa da leɓen jirgi. In ta yi kaɗan, ya san da iska ta taso ruwa zai fara shigowa, kuma yaron da ke kwarfewa da yankakken galan ba zai cim masa ba.

Daga nan sai abu mafi wuya, wato ya dubi mai kuɗin fito a hannu, wataƙila maƙwabcinsa ne ko surukinsa, rana na faɗuwa, ya ce masa, "Yallaɓai, jirgi ya cika, a jira in dawo." Ba mu manta da 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, kuma lodin da ya wuce kima aka ɗora wa alhakin. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Mai fito na kirki ya san adadin da jirginsa ke ɗauka, abin da yake rasa shi ne mai mara masa baya idan ya ce a'a. Ya kamata ƙananan hukumomin Roni da Kazaure, da sarkin ruwa na kowane mashigi, su rubuta wannan adadi da fenti a jikin kowane jirgin fito, su ajiye rigunan kariya a bakin gaɓa, har da na yara, su kuma hana tashi bayan magariba.