Mura, Marisuwa da "Ƙwayar Cuta": Sharhi a Kan Wata Fassara

Abin da ya jawo wannan ɗan sharhi shi ne wata fassara da ta zama jiki a gidajen rediyo da takardun wayar da kai, wato "ƙwayar cutar mura". Ba a musun cewa tana da sauƙin faɗi, kuma kowane Bahaushe yana jin ta. Sai dai a ganina abin da yake ji ba shi ne abin da ake nufi ba.

Mu fara da "mura". A wurin Bahaushe, mura ita ce majina da atishawa na lokacin hunturu, a sha citta da kanumfari a wartsake. Cutar da likitoci ke kira infuluwenza kuwa ita ce ta game duniya a 1918, ta shigo Nijeriya ta bakin teku, ta biyo layin dogo zuwa Arewa. Kakanninmu ba su ce mata mura ba, marisuwa suka kira ta, har shekararta ta zama abin ƙirga shekarun haihuwa. Su da suka gan ta sun raba ta da mura, mu masu fassara muka sake gama su. An ga illar haka a 2006, lokacin da "murar tsuntsaye" ta ɓulla a wata gona a Jaji, sannan a Magariya ta Nijar. Wane mai kiwo ne zai saki jiki a hallaka masa kaji don kawai suna mura?

"Ƙwaya" ta fi wannan rikici. Ɗalibi zai iya cin karo da jimla irin wannan: ƙwayar cuta ta shiga ƙwayar halitta ta zuba ƙwayoyin gadonta, kuma ƙwayar magani ba ta kashe ta. Ƙwaya huɗu ke nan, kowace da ma'anarta. Mafi muni shi ne "ƙwayar cuta" ta haɗa bakteriya da bairas a buhu ɗaya. (Turawa ma sun yi wannan kuskure: a 1892 Richard Pfeiffer ya ɗora wa wata bakteriya laifin cutar, sai a 1933 aka ware bairas ɗinta daga jikin ɗan'adam a Landan.) Bakteriya tana ci, tana hayayyafa da kanta. Bairas ba ya ko ɗaya. Ƙunshin saƙon gado ne cikin riga, ba ya yaɗuwa sai ya shiga tantanin wani mai rai ya mayar da shi masaƙarsa. Shi ya sa maganin bakteriya ba ya taɓa shi. Wanda aka gaya wa "ƙwayar cuta" kurum ba shi da dalilin da zai hana shi zuwa kemis sayen kafso.

Akwai kuma abin da fassarar ta binne gaba ɗaya. Saƙon gadon bairas ɗin infuluwenza nau'in A ba zare ɗaya ba ne, gutsattsari 8 ne na RNA. A bayan rigarsa akwai ƙayoyi iri biyu: H, wadda yake maƙalewa da ita a jikin tantani, da N, wadda ke yanke wa sababbin 'ya'ya hanyar fita. Ma'anar H5N1 ke nan, amma akan karanta shi a rediyo tamkar lambar mota.

Daga wannan gini ne sauyi iri biyu ke fitowa, mu kuwa "ya sauya salo" muke ce wa duka. Na farko kuskuren kwafi ne. Bairas kamar marubuci ne mai kwafar littafi ba ya bita, kurakurai na taruwa har garkuwar jiki ta daina shaida ƙayoyin. Dalili ke nan Hukumar Lafiya ta Duniya take duba haɗin rigakafin sau biyu a shekara. Na biyu ya fi haɗari: iri biyu su shiga tantani ɗaya, a jikin alade misali, 'ya'yan su fito da gutsattsarin wannan da na wancan. Haka H2N2 na 1957 ya samo uku daga bairas ɗin tsuntsaye, H3N2 na 1968 ya samo biyu, duka kuma suka zama annoba.

Shawarata ita ce a dawo da "marisuwa", a bar wa mura gurbinta, a kuma karɓi "bairas" yadda aka karɓi "rediyo". Sauyi na farko a ce "gocewa", na biyu "musaya". Na yi tunanin "barbara", tun da makiyayi zai gane ta nan take, amma na ajiye ta, don tana nuna namiji da tamace, bairas kuwa ba shi da su.