Bencin Baya da Tambayar Ko Ceto Yana Zubewa

Wani matashin mai wa'azi ya zo mana Diffa, ya tsaya a taron matasa ya ce bencin baya ragowar mulkin Turawan mishan ne. Wai wanda aka ceta an cece shi har abada, don me za a tsugunar da shi bakin ƙofa kamar mai cutar da ake gudu? Ba a rufa wata ba wani dattijo ya kawo nasa sukan ta ɗaya gefen: wanda ya faɗi ya riga ya zubar da cetonsa, zamansa cikin majami'a cin wuri ne kawai. Dukansu biyu sun harbi iska, don babu wanda ya zauna ya kalli yadda ake yin abin.

Duk wanda ya tashi a ikilisiya ya san wannan benci. Mai bi ya yi abin da ya fito fili, dattawa suka kira shi, fasto ya sanar ranar Lahadi cewa an sa shi a horo. Daga ranar ba ya hawa bagade, ba ya cikin mawaƙa, ba ya cin Jibin Ubangiji, mazauninsa benci na ƙarshe.

Zancen cewa Turawa suka ƙirƙiro shi ba shi da ƙafa. Mishan ɗin 'Yan'uwa ya fara a Garkida a 1923, mishan ɗin SIM ya iso Damagaram a 1924, al'adar kuwa ta girme su da fiye da shekara 1,600. A shekara ta 250 Sarki Desiyus na Rum ya tilasta wa kowa yin hadaya ga gumaka, masu bi da yawa suka yi. Da ƙura ta lafa, wani malamin ikilisiya mai suna Nobatiyan ya ce kada a sake karɓarsu, Sifiriyan na Kartej ya ce su tuba su jira. Taron Nisiya na 325 ya yanka wa waɗanda suka yi irin wannan laifi ba tare da an tilasta musu ba shekara 12: uku suna sauraro kawai, bakwai suna durƙuso, biyu suna addu'a tare da jama'a ba tare da cin jibi ba. Gardamar Agustin da Felajiyus kan ceto, da ta taron Dort na 1618 zuwa 1619 tsakanin mabiyan Kalbin da na Arminiyus, duk daga baya suka zo. Malamai suna ta jayayya a takarda, ikilisiya kuwa tun tuni tana amsawa da wurin zama.

A majami'armu wata yarinya ta yi ciki kafin aure, aka ba ta wata shida. Bencin yana jikin ƙofa, inda iskar hunturu ke fara zuba ƙura. Masu makara ne suka saba zama a kansa, amma da ta zauna sai kowa ya riƙa tsallakewa. A mako na uku wata tsohuwa 'yar zumuntar mata ta ɗauki littafin waƙoƙinta ta koma kusa da ita, ba wanda ya aike ta. Ranar jibi, mai rabo ya iso wurin ya ɗan yi turus da faranti a hannu. Tsohuwa ta ɗauki tata gurasar, yarinyar ta bar hannuwanta a cinya, farantin ya wuce.

A wannan ɗan tsakanin nake ganin dukan koyarwar. Ƙofa tana bayanta a buɗe, in ta ga dama ta fita, babu mai riƙe mata zane. Wannan shi ne gargaɗin da ke cikin Ibraniyawa sura 6, kuma gaskiya ne, mun ga waɗanda suka fita ba su waiwayo ba. Amma bencin yana ƙarƙashin rufi ɗaya da bagade, wa'azin da fasto ke yi wa na gaba shi take ji, sunanta yana nan cikin littafin ikilisiya. In wa'adinta ya cika, ba a sake yi mata baftisma. Wannan hujja ta fi kowace nauyi a wurina: da ikilisiya ta ɗauka cetonta ya zube, da ta mai da ita cikin ruwa. Alkawarin Yohanna sura 10 ke nan, cewa tumakin suna hannun da ba a ƙwace masa. Bafulatanin Fulatari ya san wannan ba tare da ya karanta Kalbin ba. Saniya ta kamu da ciwo, ya ware ta gefen garke ya ɗaure, amma shaidar da ya yanka a kunnenta tana nan, tasa ce.

Faranti da ya wuce shi ma magana yake yi. Ikilisiya ta hana abin da ke hannunta, wato gurasa da ƙoƙo, ta yi shiru kan abin da ba a hannunta yake ba. Ban taɓa jin fasto mai hankali ya ce wanda ke horo ɗan wuta ne ba. Manzo Bulus da ya umarci Korintiyawa su ware wani mutum a wasiƙarsa ta fari, shi ne a ta biyu ya roƙe su su yafe wa mai laifi su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Inda masu suka suke da gaskiya, zan ba su. Bencin ya fi kama laifin da ke turo riga. Ciki yana fitowa, amma wanda ya cusa ruɓaɓɓen tattasai a ƙasan buhu ya kai kasuwa yana zaune a gaba da babbar riga, sau da yawa ma wanda ya yi cikin ba a ganin ƙeyarsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Maƙwabtanmu Musulmi suna koyar da cewa ana haihuwar mutum a kan fiɗira, mu kuwa muna cewa zunubi gado ne daga Adamu, yana cikin jini kafin ya fito a aiki. In mun yarda da abin da muke faɗa, tazarar da ke tsakanin benci na farko da na ƙarshe tazarar tonuwar asiri ce kawai. Maganin wannan a faɗaɗa bencin ya ɗauki maza da masu kuɗi, cire shi ba zai gyara komai ba.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su hau shi ba ko na yini ɗaya. Mu da ke bakin Komadugu mun ga mutanen Damasak suna tsallako ruwa suna gudun 'yan bindiga a ƙarshen 2014, mun ji harbi a Boso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015. Daga cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014, akasarinsu 'ya'yan ikilisiyar EYN ne. Wanda aka ɗora wa bindiga ya furta abin da zuciyarsa ba ta furta ba, in ya dawo ruwan sha da tabarma yake buƙata. Taron Ankira na 314 ya riga ya yanke cewa wanda aka tilasta da ƙarfin tsiya ba a hana shi jibi.

Ranar da watannin yarinyar nan suka cika, fasto bai kira ta ta taho gaba ba. Shi ya sauko daga bagade, dattawa biyu a bayansa, suka taka har bakin ƙofa. Ya ce, “'Yata, tashi mu je.” Tsohuwar nan ta karɓi jaririn, mata suka rangaɗa guɗa. Na ƙirga takun da ya yi, goma sha huɗu ne. Duk mai tambaya ko ceto yana zubewa, ni dai abin da nake ce masa shi ne ya zo ranar maidowa ya duba wanda ya fara tasowa daga wurinsa.