A bar wa fim ɗin mashaya jini duhunsa

Fim ɗin Blade, wanda Stephen Norrington ya ba da umarni ya fito a 1998, yana buɗewa ne da wani gidan rawa da aka ɓoye a bayan mayanka. Kiɗa na dukan ƙirji, fitilu na walƙiya, jama'a sun ɗaga hannuwa sama, sai jini ya fara zubowa daga bututun da ke rufin ɗakin. Can taron ya dare gida biyu, ga Wesley Snipes a tsaye: baƙin mutum, da baƙar doguwar rigar fata, da baƙin sulke a ƙirji, da baƙin tabarau. Baƙi iri huɗu ke nan a jikin mutum ɗaya, kowanne da irin ƙyallinsa. Idan kana iya bambance su a allonka, kwafin da ke hannunka mai kyau ne. Idan sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya, an cuce ka, ko da an rubuta 4K a jikin kwalin.

Abin da ke damuna da yayin da ake ciki shi ne an mayar da ingancin hoto maganar lamba. Gaskiya ne lambar ta hau: faifan VCD yana da ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsaye, DVD ya kai 720 da 576, Blu-ray 1920 da 1080, sannan 4K ya zo da 3840 da 2160. Amma fim ɗin mashaya jini a duhu yake rayuwa, tunda a labarin ma rana ce ajalinsu. Blade, da Blade II na Guillermo del Toro a 2002, da Underworld na 2003 mai shuɗin duhun nan, kusan duk faɗansu cikin dare ake yi, ko a ƙarƙashin ƙasa. Don haka ni a wurina ma'aunin shi ne abin da ya rage a cikin inuwa.

Yawancinmu a waya muke samun waɗannan finafinan, daga shagon masu turawa. Fim na awa biyu, wanda asalinsa ke zaune a faifan Blu-ray mai cin gigabayit 25 ko 50, sai a matse shi ya koma 'yan megabayit ɗari-ɗari don ya shiga memori. Manhajar da ke matsewa kuwa zubar da bayanai take yi, kuma ta fi zubarwa a inda ta ɗauka ido ba zai lura ba, wato wuraren duhu. Shi ya sa za ka ga bangon da ke bayan jarumi ya zama murabba'i-murabba'i yana motsi, hayaƙi ya rabu layi-layi, da an zaro takobi kuma hoton ya tarwatse. Wanda ya fi shan wahalar wannan shi ne ɗan wasa mai baƙar fata. Fuskar Snipes a fim ɗin nan ba ta yawan motsi. Ɗan murmushin gefen baki da ɗaure muƙamuƙi su ne wasansa. Matsewar nan su take fara cinyewa. Ina jin zafin wannan, domin fatar irin tamu ce, kuma mai ɗaukar hoton, Theo van de Sande, ya haska ta yadda za a gan ta.

Ba masu turawa kaɗai ke da laifi ba. Manyan kamfanoni ma suna ɓarna ta ɗaya gefen. An ɗauki waɗannan finafinai ne a kan fim na milimita 35, mai wani ɗan tsaki-tsaki a jikinsa, kuma a cikin tsakin nan ƙananan bayanai suke. Wasu kamfanonin sun ɗauka datti ne, sai su goge. Blu-ray ɗin Predator da aka sake fitarwa a 2010 ya yi ƙaurin suna a kan haka: an goge fuskar Arnold Schwarzenegger har ta zama kamar ta 'yar tsanar roba. A 2024 aka sake irin wannan cece-ku-ce a kan Aliens da True Lies na James Cameron. Ana goge gumi, ana goge ƙofofin gashi, sannan a ce an gyara.

Ci gaban da na yarda da shi shi ne HDR. Tsohon tsarin yana da matakan haske 256 ga kowane launi, sabon kuma 1024, ma'ana inuwa ta sami wurin sakewa daga baƙi ƙirin zuwa toka-toka ba tare da tsalle ba. Da kamfanin Warner ya fitar da Blade a faifan 4K a Disambar 2020, wannan ne abin murnar. Tabbas tsabtar hoton tana tona asirin jinin kwamfuta na faɗan ƙarshe da mugun fim ɗin, Deacon Frost, wanda ko a zamaninsa bai gamsar ba. A bar shi haka. Aikin 1998 ne, kuma na fi son in gan shi yadda aka yi shi.

Talabijin ɗin falo ma tana da nata hannun. Daga kanti take zuwa da haske a ƙure da launi a cike, da wani saiti mai ƙirƙiro hotunan ƙarya a tsakanin na gaske don motsi ya yi santsi. Har Tom Cruise ya fito a 2018 yana roƙon mutane su kashe shi. Sababbin talabijin da yawa suna da wani saiti mai suna Filmmaker Mode don magance wannan. A kunna shi, a kashe ƙwan ɗaki, a ja labule.

Sauti kuwa an fi yi masa rashin adalci. Kiɗan gidan rawar nan, wani sabon gauraye ne na waƙar Confusion ta ƙungiyar New Order, ƙarfinsa yana ƙasa ne, a gurnanin da ake ji a ciki kafin a ji shi a kunne. Lasifikar waya ba ta da jikin da za ta fitar da shi, sai ta bar ka da ƙyas-ƙyas. Idan kuma aka matse sautin lasifika shida ya koma biyu babu kula, magana ta nutse, harbi ya fasa kunne, kana ta ƙarawa kana ragewa. Faifan 2020 ya zo da Dolby Atmos, mai sauko da sauti har daga sama, amma ko abin saƙalawa a kunne mai ɗan kyau yana dawo da kaso mai yawa.

Roƙona na musamman yana ga masu fassara finafinai zuwa Hausa, waɗanda suka kai su gidajen da Turanci bai shiga ba. Sau da yawa idan mai fassara ya buɗe baki, sai a danne dukkan sautin da ke ƙasa, kiɗa da takun sawu da ƙarar ƙarfe, ya rufe baki su dawo da ƙarfi. A tsarin lasifika shida, maganar 'yan wasa galibi tana tashar tsakiya ne. Wanda ya samo kwafi mai wannan tsari zai iya rage tashar tsakiyar kawai, ya ɗora muryarsa a wurin, ya ƙyale sauran biyar ɗin su ci gaba da aikinsu.