Man shafawa a jikin jita: kada a tilasta masa zama madubi

A 'yan shekarun nan, masu haɗa jita da hannu a Amurka da Turai, musamman waɗanda shagonsu bai wuce garejin mota ba, sun koma ga man da ake shafawa da tsumma maimakon fentin feshi. Wanda ya fi tashe shi ne Tru-Oil na kamfanin Birchwood Casey, wanda asalinsa don katakon gindin bindiga aka yi shi. Ina tare da su a wannan sauyi, amma ba a kan duk abin da suke faɗa ba.

Dalilin komawar ba ɓoyayye ba ne. Fentin nitiro da Gibson da Fender suka yi suna da shi a shekarun 1950 yana buƙatar injin feshi da ɗaki mai fitar da iska, ga tururinsa guba ne, ga saurin kama wuta. Wajen 1968 Fender ta koma wa fenti mai kauri irin na roba, wanda ke jure wahala amma in ya tsage gyaransa sai gwani. Mai kuwa tsumma mai tsabta da haƙuri kawai yake nema.

Sai dai ba kowane mai ba. Man gyaɗa ko man kaɗe ba sa bushewa a katako, na gyaɗa ma wari zai yi in ya daɗe. Wanda ake nufi shi ne mai irin na 'ya'yan linsid ko na bishiyar tung ta ƙasar Sin, wanda ke haɗuwa da iska ya daskare ya zama fata siririya. Shi ya sa kauri ke ɓata aiki: sama ta bushe, ƙasa na nan danƙo-danƙo har tsawon makonni. Ana goge katako da samfefa daga lamba 220 zuwa 320 ko 400, a ɗiga mai kaɗan, a shafa, a share abin da ya rage kamar ba a so ya zauna. Washegari a sake. Katako mai manyan ƙofofi, irin mahogani, wanda na Afirka ɗan'uwan maɗacinmu ne, sai an cike ƙofofinsa, galibi ta hanyar goga samfefa da man a jiƙe har garin katakon ya cakuɗa da shi ya toshe su. Katakon mefil ba ya buƙatar wannan.

Inda mai ya fi ƙarfi shi ne wuyan jita. Duk wanda ya yi kiɗa da zufa a hannu ya san yadda wuya mai fenti mai sheƙi ke riƙe tafin hannu. Wuyan da aka shafa wa mai aka bi da kaki santsi yake yi ba tare da kamawa ba. Ba don rashin kuɗin injin feshi Ernie Ball Music Man ke gama wuyan yawancin jitocinsa da man gindin bindiga da kaki ba, haka ma Warwick na Jamus da ya daɗe yana sayar da jitar bes mai shafin mai. Kuma in wuri ya goge, mai jitar da kansa zai gyara a tsakar gida.

To, ga inda muka raba hanya. Na farko, maganar da ake yawan yi cewa mai yana barin katako ya yi numfashi, don haka sauti ya fi daɗi. Katakon da aka sare aka busar ba ya numfashi. A jitar lantarki, sautin na fitowa ne daga tsirkiya da maganaɗisun da ke ɗaukar motsinta, kuma ban yarda akwai kunnen da zai bambance mai da fenti a rufe da ido ba. A jitar da ba ta lantarki kuwa, maganar na iya juyewa: fuskarta siririya ce, in ta sha tsantsar mai sai ta yi nauyi, shi ya sa da yawa ke fara rufe ta da shelak, wanda masu jitar gargajiya na Sifen suka daɗe suna amfani da shi.

Na biyu ya fi damuna. Mutum ya zaɓi mai, sannan ya yi shafi talatin ko arba'in, ya jira wata guda, ya bi da samfefa 1500 da 2000 da man goge mota, wai sai ya ga fuskarsa a ciki. Ana samu, ban musa ba. Amma an yi wahalar da ta kai ta feshi, an samu fatar da ba ta kai ta feshi tauri ba, maɓallin riga ma zai kwarzane ta, kuma an rasa taushin nan da aka zo nema tun farko. Shafi takwas zuwa goma sha biyu, a bari ya kama sosai, a bi da soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000 da ɗan kaki, ya wadatar. A dai cire maganaɗisun ko a rufe shi da tef tukuna, don ɓurɓushin soson zai manne masa.

Tsumman da aka yi aikin da shi kada a dunƙule shi a jefa kwandon shara. Bushewar man na fitar da zafi, kuma tsumma a dunƙule kan kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a waje, ko a tsoma shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi.