Ɗan Kokawa Tsakanin Gagarawa da Damagaram

Idan aka gama yankan gero a ƙasar Gumel, dammuna suka shiga rumbu, riɗi yana jingine a gona ana jiran kakkaɓa, a lokacin ne ƙauye yake samun sararin kansa. Da la'asar sakaliya sai a ji ganga daga bayan gari, kuma ba sai an aika kiran kowa ba. Yara ne ke fara isa, su zube a gaba cikin yashi, manya su tsaya a bayansu, 'yan mata masu tallan gyaɗa da ƙosai su ja gefe. Fagen kokawa ba ya buƙatar gini. Fili ne da da'irar mutane, sai wani dattijo riƙe da tsumagiya yana mayar da yara baya duk sa'ad da suka matso. Ƙasar Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari kuwa jigawa ce, yashinta kamar an tankaɗe, wanda aka kayar sai ya tashi ya karkaɗe jiki ya koma cikin 'yan garinsu.

Ɗan kokawa ba ya faɗawa fage kai tsaye. Sai ya tsaya gaban makaɗa tukuna, da walki ko gajeren wando, guru a ƙugu, kambu a dantse, layu na lilo a ƙirji. Makaɗi ya sauya kiɗa zuwa takensa, maroƙi ya ambaci ubansa da garinsu da waɗanda ya taɓa kayarwa. Sai a ga tsikar jikinsa ta tashi, ya ɗaga hannu ya yi kirari da bakinsa, ya zagaya fage yana neman wanda zai tare shi. In abokin karawa ya fito, dukansu su duƙa, kowa ya debi yashi ya murza a tafin hannu don kada gumi ya sa kamu ya zame. Daga nan sai lallaɓe: wannan ya kai hannu wuya, wancan ya doke, a dafa kai, a ja da baya, a sake matsowa. Ana iya shafe minti biyar ba a yi kamun kirki ba, baƙo ya ɗauka wasa ake yi. Masu kallo na gaske ƙafafu suke duba, domin a nan kaye yake. Taɗiya ɗaya, ko a sunkuci ƙafar da mutum ya ɗora nauyinsa a kai, kafin ƙiftawar ido ƙato yana ƙasa, fage ya kaure da ihu da guɗa.

Abin da ya biyo bayan kayen shi ne albashinsa gaba ɗaya. Ya durƙusa gaban masu gari da attajirai, a yi masa kari: wani ya liƙa masa kuɗi a goshi, wani ya ba da goro, wani ya yi alkawarin damin gero. A cikin abin da ya tara makaɗa suna da rabo, yaran da suka riƙe masa kaya suna da rabo, malamin da ya yi masa taimako yana jiran nasa. Ranar da aka kayar da shi kuwa, sai dai abokai su haɗa masa kuɗin mota.

Babu makarantar da ake koyon wannan sana'a. Yaro yana farawa ne a wurin kiwo ko a dandali da farin wata, ya kayar da sa'o'insa, ya kayar da na unguwar gaba, har wata rana samarin gari su tafi da shi ƙauyen maƙwabta. A al'adar Hausa dambe na mahauta ne, kokawa ta manoma, shi ya sa ƙarfin ɗan kokawa daga gona yake fitowa, daga huɗa da noma da ɗaukar dami da jan guga a rijiya mai gaba da yawa. In sunansa ya fara tafiya sai gayyata ta riƙa zuwa, bikin wani mai hali, ko naɗin sarauta, ko wasan Sallah. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har iskar bazara ta kaɗa, ya ajiye guru ya ɗauki fartanya.

Mai irin wannan rayuwa yana da 'yan'uwa a inda bai zata ba. A Ingila, tashar talabijin ta ITV ta yi shekaru tana nuna kokawar Turawa ranar Asabar, har Big Daddy da Giant Haystacks suka zama sunayen da kowane gida ya sani. A 1988 tashar ta daina, 'yan wasan suka koma bin ɗakunan taro na ƙananan garuruwa da wuraren hutu na bakin teku, yau nan gobe can, ana sallamarsu dare-dare, raunin da suka ji kuma nasu ne. Tasu kokawar shiri ce, an san wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandamali, ta Gagarawa kuwa ko uban gidan wasa bai san wanda zai sha ƙasa ba. Amma ta fuskar neman abinci tafiyarsu ɗaya, kowa da sunansa yake ci. Inda suka rabu shi ne Baturen yana da matakala a gabansa. Drew McIntyre, mutumin Sikotilan, kamfanin WWE na Amurka ya sallame shi a 2014, ya koma ƙananan wasanni yana sake gina sunansa, kamfanin ya maido shi a 2017, a 2020 ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya riƙe babban kambun WWE.

Ɗan kokawar ƙasar Gumel ba sai ya hangi Ingila ba kafin ya ga irin wannan matakala. Tana nan a tsallaken iyaka, arewa da Maigatari, a jihar Damagaram da sauran jihohin Nijar, inda ake ce wa wasan kokowa. A 1975, zamanin Seyni Kountché, gwamnatin Nijar ta kafa gasar ƙasa, aka yi ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Tsarin da aka ɗora ta a kai shi ne abin lura. Ana tace 'yan kokawa tun daga ƙasa har kowace jiha ta fitar da gwanayenta goma, jihohi takwas su kawo mutum tamanin, a yi kwanaki ana gwabzawa har a bar mutum biyu da ba wanda ya kayar da su. Gasar tana zagayawa daga jiha zuwa jiha, rediyo da talabijin na ƙasa suna watsa ta kai tsaye, manyan gwamnati suna zaune a rumfa. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi da miliyoyin sefa, a kira shi sarki.

Abin da ya fi kuɗin nauyi shi ne suna ba ya ɓata. Filin kokawa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Doso sunan Salma Ɗan Rani. Yaron da aka haifa bayan waɗannan mazaje sun bar fage yana iya lissafa su, ya haɗa da Kadade na Tawa da Balla Haruna, ya kawo har kan Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, da ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, inda fataken Nijar ke shigo da raƙuma da shanu da tumaki, in lokacin gasar ne, a bakin masu shayi da dillalan kara za a ji ana musu a kan waɗannan sunaye kamar 'yan unguwa ɗaya, wani ma ya ciro waya ya nuna kayen jiya. Harshe ɗaya ne, kiɗa ɗaya, auratayya ta haɗa gidaje. Sai dai gwanin da ya gagari kowa a ƙauyukan Gagarawa shekara talatin da suka wuce, in makaɗinsa ya rasu, tsofaffin da suka gan shi suka bi baya, shi ke nan, ko hotonsa da wuya a samu.

Ba a ce Nijeriya ta yi watsi da kokawa ɗungurungum ba. Tana cikin wasannin gargajiya da hukumar ƙasa ke kula da su tare da dambe da langa, ana yin ta a bikin kamun kifi na Argungu, kuma a watan Maris na 2025 Abuja ta karɓi gasar kokawar ƙasashen ECOWAS, wadda Senegal ta lashe. Matsalar ita ce waɗannan duka a sama suke, ba su da jijiya a ƙasa. Tsakanin fagen bayan gari da filin wasa na Abuja babu tsani mai hawa-hawa da saurayi zai san cewa in ya kayar da na gundumarsu zai je ƙaramar hukuma, daga nan masarauta, daga nan Dutse, kuma a wata sananne kowace shekara. Wasan da ake yi sai wani ɗan siyasa ya ga dama, ko sai bikin wani ya taso, ba ya raya sana'a.

Dambe ya sami wata hanyar tsira da kokawa ba ta samu ba. Ya bi mahauta da 'yan ci-rani zuwa birni, ya kafa gidaje da ake biyan kuɗin ƙofa a Kano da Abuja da Legas, ya rabu ɓangarori uku, Kudu da Arewa da Guramada, ta yadda kowane mai kallo yana da nasa. Waƙoƙin Ɗan Anace sun dawwamar da sunan Shago, yanzu kuma YouTube ya kai dambe ƙasashen da ba a jin Hausa. Kokawa ta tsaya inda aka haife ta, a jikin kaka da rumbu, kuma kakar ce ta sauya. Saurayin da a dā zai yi rani a gida yana bin fage, yanzu ko ƙaiƙayin sussuka bai gama fita daga jikinsa ba ya hau mota zuwa Kano ko kudu neman kuɗi, don abin da gona ta bayar ba zai kai shi damina ba. Waɗanda suka rage da dare suna gidan kallon ƙwallo. Ga kuma wa'azin malamai a kan guraye da layu da cakuɗuwar maza da mata, wanda ya sa iyaye da dama ba sa son a ga ɗansu tsirara rabi a gaban ganga. Wannan magana tana da gaskiyarta, amma abin da take nema gyara ne, domin kamu da taɗiya ba su dogara da laya ba, kuma musulmi ne ke cika filayen Maraɗi da Damagaram.

Masarautar Gumel ƙananan hukumomi huɗu ce, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, adadin da ya yi daidai da gasa: kowace ta fitar da nata bayan kaka, a haɗu a gari ɗaya, shekara mai zuwa a koma wani. Yashi kyauta ne, makaɗa suna nan, alƙalai kuma ga tsofaffin 'yan kokawa zaune a gindin bishiya ba wanda ya tambaye su komai. Abin da za a kashe bai wuce kyautar zakara da kuɗin motar baƙi da littafi guda da za a riƙa rubuta wanda ya kayar da wane ba. In aka gayyato maƙwabta daga Magarya da Dungas, 'yan kallo ba za su rasa ba, tunda hanyar da suke bi su kawo dabbobi Maigatari duk mako ita ce za ta kawo su.