Ƙauye a Tsakiyar Birni: Gwanintar Shirya Gida a Amurka

A unguwar Brooklyn ta birnin New York, da tsofaffin unguwannin Philadelphia da Baltimore, akwai gidajen da aka gina a jere, bango manne da bango. Da yawansu faɗinsu bai wuce ƙafa 20 ba, tagogi kuwa gaba da baya kawai, saboda haka tsakiyar gidan kan yi duhu ko da rana tsaka. A cikin wannan matsi ake rainon yara, ga keke, ga jakunkunan makaranta, ga manyan rigunan sanyi. Duk da haka akan sami gidan da in ka shiga sai ka ji kamar ka sauka a gidan gona na jihar Vermont: ƙamshin katako, haske mai taushi, ko'ina wurin zama. Wannan ba sa'a ba ce, aikin gwani ne, kuma gwanintar tana da ƙa'idojinta.

Abin da gwanayen suka fahimta shi ne, kayan ƙauyen Amurka ba don ado aka ƙirƙire su ba. Talauci da sanyi da ƙarancin wuri ne suka haife su. Matar manomi ba ta da kuɗin sayen darduma, sai ta yayyaga tsofaffin rigunan ulu, ta kitsa su tufka uku, ta nannaɗe kitson ta ɗinke, ya zama shimfiɗa mai siffar ƙwai wadda in fuska ɗaya ta gaji sai a juya ɗayar. Ba ta da firji, sai kafinta ya yi mata kabad mai ƙofar kwano da aka huhhuda da ƙusa, iska ta shiga, ƙuda bai shiga ba. Kwalbar adana abinci mai murfin murɗawa, wadda John Mason ya yi wa rajista a 1858, don ajiye tumatir da 'ya'yan itace har ƙarshen hunturu aka yi ta. Matsalar gidan birni a yau kusan ita ce ta gidan gona a wancan zamani: mutane da yawa, wuri kaɗan. Shi ya sa salon yake zama daram a birni in ya faɗa hannun wanda ya san dalilin kowane abu.

Manyan malaman wannan fanni su ne 'yan ɗariƙar Shaker, mabiyan Ann Lee, wadda ta bar Manchester ta Ingila zuwa Amurka a 1774. Sun ɗauki tsabta da tsari a matsayin ibada, kuma kayan da suka ƙera suna nan a ƙauyukansu da aka mayar gidajen tarihi, irin su Hancock a Massachusetts da Pleasant Hill a Kentucky. Dabararsu da ta fi kowace amfani ga mazaunin birni ita ce maratayin bango: siririn katako da ke zagaye ɗaki daidai tsayin kan mutum, an kakkafa masa turaku gwanin sha'awa, tazara daidai wa daida. A jikinsa suke rataye riga da hula da tsintsiya da fitila, har da kujeru, waɗanda suke kifawa don ƙura kada ta sauka a mazauni, a kuma samu damar share ƙasa tas. Mai shirya gida a Brooklyn yakan ɗauki wannan dabara ya kai ta siririn zauren shiga, inda kabad ba zai shiga ba. Sai ya ƙara layi na biyu a ƙasa, daidai kafaɗar ɗan shekara biyar, ya ajiye benci mai buɗaɗɗen ciki don takalma. Daga ranar yaro ya daina jefar da jaka a ƙasa, ba don an yi masa faɗa ba, sai don hannunsa ya kai.

Kafin a shigo da ko kujera ɗaya, fenti ake fara yankewa hukunci. Gida mai duhu in aka shafe shi da fari fat sai ya koma kamar asibiti. Gwani yakan nemi fari mai ratsin madara ko na alkama, ya shafa ɗan wuri a bango, ya duba shi da safe, ya duba da la'asar, ya duba da dare kafin ya saya. Launuka masu ƙarfi kuwa, ja irin na rumbun gonar Amurka, shuɗi mai duhu, kore irin na ganye busasshe, akan ajiye su don ƙofa ɗaya ko kabad ɗaya. Ga katako, da yawa sun fi son fentin madara, wanda ake haɗawa da sinadarin cikin madara da farar ƙasa da garin launi. Gari ake sayar da shi, a dama da ruwa, kuma ba ya jure ajiya bayan an dama shi. Ba ya ƙyalli, yana shiga cikin katako maimakon ya kwanta a kansa, in ya tsufa kuma sai ya goge a hankali a wuraren da hannu ke taɓawa. Daga nan sai haske: a kashe babban ƙwan tsakiyar silin, a rarraba ƙananan fitilu uku ko huɗu a kan tebur da kusurwa, masu ƙwai mai ɗumin launi, a sa labule marar nauyi wanda ba zai tare ɗan hasken da taga ke bayarwa ba.

Zuciyar gidan tebur ne. Dogo, na katakon fayin ko wani mai kauri, ba a lulluɓe shi da gilashi ba. A nan ake cin abinci, a nan ake aikin makaranta, a nan ake murza fulawa. A gefen bango akan sa benci, domin benci yana ɗaukar yara huɗu inda kujeru biyu kawai za su shiga, kuma yana shigewa ƙarƙashin tebur in an gama. A ɗaya gefen sai kujerun Windsor masu bayan sanduna, waɗanda asalinsu Ingila ne amma kafintocin Philadelphia suka shahara da su tun ƙarni na 18. Ba dole su zama iri ɗaya ba. Gwani yakan tara kujeru huɗu daga wurare huɗu, ya duba tsayin mazauninsu ya zo ɗaya, ya shafe su da launi guda, sai su zama 'yan gida ɗaya. A kicin kuwa akan cire ƙofofin wasu kabad, a bar farantai da kofuna a fili, abin da zai tuna wa mai karatu jeren ɗakin amarya, sai dai wannan jeren kullum ana ci da shi, shi ya sa ƙura ba ta samun wurin zama. Kaskon baƙin ƙarfe, irin wanda kamfanin Lodge ke zubawa a jihar Tennessee tun 1896, yana rataye kusa da murhu.

Sai bargon haɗin ƙyallaye, wanda shi ne sarkin adon. Hawa uku ne: fuskar da aka haɗa da ƙananan ƙyallaye, auduga a tsakiya, da yadi a baya, an bi su da ƙananan ɗinki har suka zama ɗaya. Dubi zanen da ake kira bukkar gungume. Ana farawa da ɗan murabba'i ja a tsakiya, wanda ake cewa murhun gida yake wakilta, sannan a riƙa jera siraran ƙyallaye kewaye da shi ɗaya bayan ɗaya, masu haske a gefe guda, masu duhu a ɗaya gefen. In aka haɗa irin waɗannan da dama, sai haske da inuwa su fito da tsani ko layukan huɗa, gwargwadon yadda aka juya su. 'Yan ɗariƙar Amish na Lancaster a Pennsylvania sun yi suna da launuka masu zurfi marasa zane. Matan baƙaƙen fata na ƙauyen Gee's Bend a Alabama, jikokin bayi, sun ɗinka nasu da tsofaffin wandunan aiki, kuma a 2002 aka baje su a manyan gidajen zane na Houston da New York. Wanda ya san darajar bargo ba ya tara biyar a falo ɗaya. Ɗaya yake zaɓa, ya ɗauko launukan matasai da darduma daga jikinsa, ya nisanta shi da rana don kada ya koɗe, ya riƙa sauya masa ninki don kada ya karye a layi ɗaya.

Ina ake samo kayan? A gwanjo, domin da tsohuwar zuma ake magani. Kasuwar Brimfield a Massachusetts tana ci sau uku a shekara, Mayu da Yuli da Satumba, kuma masu ido sukan isa tun da asuba da abin awo a aljihu, don matakalar gidan jere ba ta yafe kuskuren inci biyu. Za ka ga mace ta zaro aljihun tebur ta juya shi. Haƙoran haɗin katako take dubawa: in ba su yi daidai da juna ba, aikin hannu ne, in sun jeru cif kamar haƙoran zarto, inji ne. Ta duba inda fenti ya goge. Tsufan gaskiya yana bakin hannun buɗewa da sandar da ake ɗora ƙafa, na ƙarya kuwa an barbaɗa shi ko'ina da takardar gugar katako. Mai yara yana da ƙarin aiki: sai a 1978 Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidaje, don haka tsohon kabad mai ɓamɓarewa sai an gwada shi kafin ya shiga inda jariri ke rarrafe, dogon kabad kuma sai an ɗaure shi da bango.

Inda ake bambance gwani da ɗan koyo shi ne sanin wurin tsayawa. Salon ya shiga manyan gidaje ta hannun Sister Parish, wadda ta yi wa iyalan Kennedy aikin shirya gida a Fadar White House, ta kuma cika gidanta na jihar Maine da dardumar tsumma da bargunan haɗi. Bikin cikar Amurka shekara 200 a 1976 ya ƙara masa wuta, mujallar Country Living ta fito a 1978, littafin Mary Emmerling a kan salon ya biyo baya a 1980. Daga nan kasuwa ta karɓe, kicin ya cika da agwagin ado masu ɗaurin ƙyalle da zakarun tangaran. Shirin talabijin na Chip da Joanna Gaines daga Waco ta Texas, wanda aka fara a 2013, ya kawo wani sabon yayi na farin bangon katako da allunan rubutu, aka yi ta kwaikwayo har gidaje suka zama kamar an buga su a inji ɗaya. Gwani yana da tambaya guda da yake yi wa kowane kaya kafin ya bar shi ya shigo: mene ne aikinka? Kwando ya ɗauki kayan wasa, tulun tangaran ya riƙe ludayi da muciya, tsohon akwati ya ajiye barguna kuma ya zama teburin shayi. Wanda ba shi da amsa, ko kyansa ya kai ina, sai ya haƙura. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ribar da iyali ke samu a fili take. Teburin gilashi da farar kujerar fata kullum cikin fargabar yara suke, kuma tabo ɗaya ya rage musu daraja. Teburin da ya riga ya sha shekara ɗari na wuƙa da tukunya mai zafi ba abin da cokalin ɗan yaye zai ƙara masa sai tarihi. Uwa ta huta da tsawa, baƙo ya zauna ba tare da ɗari-ɗari ba. Saboda haka masu wannan sana'a kan shawarci iyali da kada su cika gida a wata ɗaya: a fara da fenti da tebur da maratayi, a zauna a ga abin da ya rage, sannan a fita nemansa.