Mai fassarar da bai ji harshen mai waƙa ba

A 1915 Ezra Pound, mawaƙin Amurka kuma mai sharhin adabi, ya fitar da Cathay, fassarar tsofaffin waƙoƙin ƙasar Sin, yawancinsu na Li Bai. A lokacin bai iya Sinanci ba. Bayanan da masani Ernest Fenollosa ya rubuta ya bari ne matarsa ta miƙa wa Pound, ya bi su ya tsara nasa baitocin. Littafin ya yi daɗi, ba na musu. Sai dai ya buɗe ƙofar da mawaƙan Amurka suka yi ta shiga bayansa: a ɗauki aikin masani, a gyara shi ya zauna a kunne, a rubuta sunan mamaci a bangon littafi.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne kan Maulana Jalaluddin Rumi. A 1976 mawaƙi Robert Bly ya ba Coleman Barks fassarar waƙoƙin Rumi ta A. J. Arberry, shi kuwa Barks, wanda ba ya jin Farisanci, ya shiga sake ƙera ta. Littafinsa The Essential Rumi ya fito a 1995, ya yi kasuwa matuƙa. Barks bai ɓoye yadda yake aiki ba, wannan a yaba masa. To amma Rumin da ya rasu a Konya a 1273 malamin fiƙihu ne, sufi, kuma Masnawi ɗinsa mai juzu'i shida cike yake da ayoyin Alƙur'ani da hadisai da ƙissoshin annabawa. Da yawan wannan ya dushe a hannun Barks, aka bar soyayya da natsuwar zuciya, abin da mai sayen littafi a Amurka zai haɗiye ba tare da ya sha ruwa ba. Wannan Rumin ne matasanmu ke tsinta a Facebook suna yaɗawa, alhali ayoyin da aka zubar su ne waɗanda suka haddace tun suna makarantar allo.

Ban ce a hana mawaƙi gina waƙa a kan ta wani ba. Robert Lowell ya yi haka a 1961, amma ya sa wa littafinsa suna Imitations, ya nuna kwaikwayo ne, ya ɗauki nauyin abinsa. Wannan gaskiyar kawai nake nema a bangon littafi. Mai son jin Maulana da Turanci kuwa, Jawid Mojaddedi ya fara fitar da fassarar Masnawi kai tsaye daga Farisanci tun 2004.